Ƙafafun Kwaɗo

Motar da Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana, Kwaɗo muke kiranta. Koriya ce 'yar ƙarama, kujera biyu kacal, cikinta kamar zai shafi ƙasa, fitilunta kuma a ɓoye suke cikin bonet, sai ka murɗa maɓalli su ɗago kai su zaro ido. Irin motocin nan ne na 'yan gudu, waɗanda ba su da wurin kaya, ba su da wurin surukai. Baba ya saye ta tun yana saurayi, ya yi aure tana nan, ya haife mu mu uku tana nan, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa ɗaukar iyalinsa gaba ɗaya a cikinta ba. In za a je unguwa, shi da Umma su shige Kwaɗo, mu kuma mu bi bayansu a motar haya.

Bayan rasuwarsa aka tura ta rumfar da ke gefen tsakar gida aka lulluɓe da tamfol. Ni ce auta, tela ce ni, shagona a ɗakin ƙofar gida yake, kuma ni kaɗai na rage tare da Umma. Don haka ni ke tayar da injin duk ƙarshen mako don kada ya kwanta. Injin ƙalau yake, bugu ɗaya yake tashi. Ƙafa ce ta mutu. In ka danna bayan motar da hannu ka saki, sai ta yi ta rausaya kamar kwale-kwale har ka gaji da kallo. Shokozoba sun tsiyaye, sifirin sun gaji sun zauna, robobin da ke gaɓoɓin kuwa sun tsattsage kamar faso.

Wata rana yayyena biyu sun zo gaishe da Umma, muna cikin cin abincin rana, sai ta ajiye cokali ta ce, "Motar nan ta ubanku, ko ku tashe ta, ko in kira mai sayen tsofaffin ƙarafa ya auna ta a sikeli. Na gaji da share mata ƙasa kullum kamar mai jinya."

Babban yayanmu likitan ido ne, Yaya Likita muke ce masa. Dogo ne siriri, mutum ne da in zai rataya kalanda sai ya ɗauko abin awo. Mai bi masa kuwa malamin wasanni ne a makarantar sakandare, kowa Koci yake kiransa. A da can ɗan ƙwallo ne, amma yanzu ƙwallon ta koma cikin rigarsa. Shi a wurinsa duk abin da bai motsu ba, ƙarfi ne bai isa ba. Tun suna yara ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. In ɗaya ya ce hadari ya haɗo, ɗayan sai ya fita da shanya.

"A kai ta gareji mana," na ce.

Su biyun suka juyo suka kalle ni kamar na zagi wani babba. Wannan ne karo na farko da na ga bakinsu ya zo ɗaya. Baba bai taɓa barin bakanike ya ɗora wa Kwaɗo hannu ba. Da kansa yake kwanciya a ƙarƙashinta, kuma akwatin sifanunsa na nan a rumfar.

"Ni zan gyara ta," in ji Yaya Likita. "Littafinta yana wurina."

"Yaya, mota ba ido ba ce," in ji Koci. "Ba za ka tsayar da ita ka ce ta karanto maka layin ƙasa ba. Ni na sha riƙe wa Baba sifana."

"Ka sha ɓatar masa da su dai."

Kafin a kwashe kwanuka murya ta kai titi. Sai da suka gaji, sannan Umma ta ce da ni, "Auta, ɗauko min allin ɗinkinki."

Ta sa aka yaye tamfol. Ta kama alli ta ja layi tun daga hancin Kwaɗo, ta bi ta kan rufi, har wutsiya. "Ɓangaren direba na babba, ɓangaren fasinja na ƙarami. Kowa ya gyara nasa ƙafafun. Wanda ya tsallaka layin nan, ni da shi ne."

Haka aka ɗaga Kwaɗo da jak, aka tokare ta da ƙafafun ƙarfe, aka cire tayoyi huɗun aka jingine da bango. Duk Asabar da Lahadi sai su zo, kowa ya shimfiɗa kwalinsa a nasa gefen. Yaya Likita yakan zo da farar riga ta aiki da safar hannu, ya baje tsohon zanin gado, duk notin da ya kwance sai ya wanke shi, ya sa a 'yar leda ya rubuta sunansa. Koci kuwa singileti ne da gajeren wando, notinsa duk a tsohon gwangwanin madara yake watsa su, ya ce in lokaci ya yi kowanne zai gane gidansa.

Ba sa magana da juna. Tsakaninsu bai fi taku biyu ba, suna ganin fuskar juna ta ƙarƙashin mota, amma sai a ƙwala min kira daga shago.

"Auta! Ki ce da wancan ya miƙo sifana mai lamba sha bakwai."

"Auta, ki ce masa ina amfani da ita."

"Ki ce masa ina ganinta, zaune yake a kanta."

Na taɓa baro wuyan riga a ƙarƙashin allura na zo na miƙa sifana daga hannun wannan zuwa hannun wancan, alhali da ɗaya ya miƙe hannu da ya taɓo hancin ɗan'uwansa.

Abin da ya fara ba su wuya shi ne tsatsa. Manyan notin da ke riƙe da shokozoba sun shekara aru-aru ba a taɓa su ba, sun zama abu ɗaya da ƙarfen. Yaya Likita ya samo man kwance tsatsa, ya zuba a 'yar kwalbar ɗiga maganin ido. Kullum kafin ya wuce asibiti da bayan ya tashi sai ya biyo, ya durƙusa, ya ɗiga wa kowane noti, safe da yamma, har yana ce musu sannu. Koci ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi ya samo dogon bututun ƙarfe ya zura wa sifana, ya tofa yawu a hannu, ya hau kai da duk nauyin da Allah ya ba shi. Notin bai kwance ba. Kan ne ya guntule, ƙas! Koci ya tafi da baya ya zauna daram cikin bahon da Umma ta jiƙa labule.

Yaya Likita bai ko ɗago kai ba. Cewa ya yi, "Auta, ki ce da wancan, sannu ba ta hana zuwa."

Guntun da ya maƙale a ciki ya cinye wa Koci ƙarshen mako guda, yana huda shi da injin huda yana gumi. Na Yaya Likita kuwa da ranarsu ta zo suka kwance salin-alin, ya ɗaga ɗaya sama yana duba shi a hasken rana, ya daɗe yana dubawa, don dai a gani.

Sai maganar sifirin. Kowane sifirin a matse yake jikin shokozoba, kuma ƙarfin da ke cikinsa ya isa ya ɗauki kwatar nauyin mota. Kafin a kwance notin da ke samansa dole a kama shi da wasu ƙarafa masu ƙugiya a matse shi, in ba haka ba ya yi tsalle. Yaya Likita yana da ƙarafan, sababbi fil a akwatinsu. Koci ba shi da su, kuma ya gwammace ya haɗiyi sifana da ya roƙa. Sai ya kwanto igiyar shanyar Umma, ya ɗaure sifirin ɗin tamau kamar ragon da za a kai kasuwa, ya jingina shi da bulo, ya taka da ƙafa ya fara kwance noti.

A nan ne Yaya Likita ya karya doka ya yi masa magana kai tsaye. "Kai, kada ka yi haka! Abin nan kisa yake yi."

"Yaya, ɗaurin nan ko bijimi ba zai tsinke shi ba."

Bai rufe baki ba muka ji tau! Igiyar ta tsinke. Wani abu ya wuce ta gefen kunnen Koci da kuka kamar na jirgi, ya haye katanga. Can daga gidan maƙwabcinmu muka ji ƙarar kwano, daram, kamar an jefo tukunya daga sama, tattabaru suka tashi fuu.

Maƙwabcin namu tsohon soja ne da ya yi ritaya tun muna yara, Baba Soja muke ce masa. Ashe yana kishingiɗe a kujerarsa yana ɗan gyangyaɗin bayan azahar, sifirin ya sauka a rufin ɗakin tattabarunsa. Muryarsa kawai muka jiyo ta kan katanga: "Kowa ya kwanta! A kwanta ƙasa! Kada wanda ya motsa!" Daga baya matarsa ta ba mu labari cewa ita da jikokinta sun kwanta rub da ciki a tsakar gida, shi kuma yana jan ciki zuwa wurin da abin ya faɗo, da murfin tukunya a kansa.

Can sai ga shi ya shigo gidanmu, ya ɗoro sifirin a kan shebur, ya miƙe hannu da shi nesa da jikinsa.

"Wa ya harbo wannan?"

Koci na tsaye, hannu a kunne. Yaya Likita ya riga ya tsallaka layin alli bai sani ba, ya kama kan ƙaninsa yana juya shi, yana buɗe masa ido da yatsa. "Kalli nan. Kalli sama. Yatsu nawa ka gani?"

"Biyu, Yaya."

"Uku ne, amma dama can ba ka iya lissafi ba. Lafiyarka ƙalau."

Umma ta fito da carbinta a hannu. Ta ba Baba Soja haƙuri, sannan ta juya kan Koci ta wanke shi tas, ba sabulu. Ta ce ita mota ta ce a tayar, ba ta ce a kwantar mata da ɗa ba, kuma igiyar shanyarta a nemo mata sabuwa kafin rana ta faɗi. Yaya Likita kuwa ya ɗauko akwatin ƙarafan matse sifirin, ya ajiye daidai kan layin alli, ya tura shi da ƙafa ya koma wancan gefen.

Baba Soja bai mayar da sifirin ba, ya ce shaida ce. Kuma tun daga ranar ya naɗa kansa mai kula da tsaron aikin. Duk Asabar sai ya shigo da kujerarsa, ya kafa ta a inuwa, nesa da inda wani abu zai iya tashi, yana ba da umarni kan abin da bai sani ba.

Sababbin kaya suka iso. Kowa ya sayo nasa a ɓoye, kowa ya shigo da su a lulluɓe. Yaya Likita ya yi odar irin na ainihi, daidai da lambar da ke littafi. Koci kuwa wani abokinsa ne ya haɗa shi da wasu jajaye masu sheƙi, gajeru, masu tauri, ya ce irin na motocin tsere ne. Babu wanda ya tambayi wani, tunda kowa sarki ne a nasa gefen.

Suna cikin ɗaurawa suka ci karo da abin da allin Umma bai yanke hukunci a kansa ba. Akwai wata sandar ƙarfe mai lanƙwasa da ta ratsa ƙarƙashin motar, kanta ɗaya a ƙafar hagu, ɗayan a ƙafar dama, ita ke hana mota kwanciya in an sha kwana. Robobinta sun mutu, kuma ba ta fita sai an kama ta ta gefe biyu a lokaci guda. Aka kira Umma ta yi shari'a. Ta sunkuya ta leƙa, ta ce, "Wannan kam gadonku ne ku biyu. Ku kama." Suka kama, ɗaya na cewa a ja, ɗaya na cewa a tura, Baba Soja na ƙirga musu ɗaya, biyu, uku. Sandar ta fito, ta daki Yaya Likita a goshi, ta daki Koci a haɓa. Ko ba komai ta yi adalci.

Ranar da za a sauke Kwaɗo daga kan ƙarafa, matan yayyena sun zo da yara, har masu kawo min ɗinki sun tsaya kallo. Aka mayar da tayoyi, aka sassauta jak a hankali, motar ta taka ƙasa.

Ɓangaren direba ya tsaya cak, ɗas da shi kamar sabon ango. Ɓangaren fasinja kuwa ya durƙusa. Kwaɗo ta karkace kamar mutumin da ya sa takalmi ƙafa ɗaya. Na murɗa maɓallin fitilu don in ga ko za ta ɗan yi kyau, sai ta ɗago ido tana kallonmu a kaikaice, kamar mai tambayar laifin da ta yi mana.

Baba Soja ya tashi, ya zaro lemo daga aljihu, ya ɗora a tsakiyar bonet. Lemon ya gangara ta gefen Koci, ya faɗi ƙasa, ya yi ta tafiya har ƙarƙashin kujerar Umma.

"Naka ya yi tsawo, Yaya," in ji Koci.

"Nawa daidai yake da littafi. Kai ne ka sa mata ƙafar agwagwa."

"Motar gudu ce! Ƙasa ake so ta kwanta!"

"To ai ga ta nan ta kwanta, sai ka kawo mata filo."

Kowanne ya rantse ba zai cire nasa ba. Kuma kowanne ya ce ai ko ya yarda, sai an sake jiran wasu kayan kafin a daidaita ɗaya gefen. A nan ne na ga abin ya ishe ni, don ni na san abin da ba su san na sani ba. Babu mai sayar da ƙafar mota gefe ɗaya. Kowannensu saiti guda ya saya na ƙafa huɗu, ya ɗaura biyu, ya ɓoye biyu don kada ɗan'uwansa ya samu. Na shiga shago na jawo na Yaya Likita daga bayan yaduddukana, na shiga ɗakin Umma na jawo na Koci daga ƙarƙashin gado, na zube su a tsakar gida.

Umma ta dubi jajayen ta ce, "Ashe su ne nake ta buga ƙafa da su, ina cewa tsufa ne ya sa gadon ya matso."

Yanzu saura a zaɓi na wanda za a ɗaura duka. Umma ta ce, "Babba juji ne. A fara da na ƙaramin, in bai yi ba a dawo kan naka." Yaya Likita ya ɗauki sifana. Ya cire nasa masu kyau, ya ɗaura jajayen Koci a gefensa, kuma don tsabar haushi ya ɗaura su da kyan da ko a kamfani sai haka.

Gaskiya Kwaɗo ta yi kyau. Ta kwanta ƙasa, ta baje, kamar damisar da ke shirin kamu. Koci ya zagaya ta yana tafa hannu, ya ce shi zai fara fita da ita. Shigarsa ma aiki ce. Ya tura kujera baya iyakarta, ya sa ƙafa ɗaya, ya riƙe numfashi, matarsa ta tura kafaɗa, na rufe ƙofa da gwiwa. Sitiyari ya nutse cikin tumbinsa. Ya tayar da mota, ya ɗaga mana hannu kamar mai tafiya ƙasar waje.

A bakin get ɗinmu akwai wani ɗan tudun siminti da Baba ya gina don hana ruwan sama shigowa gida. Duk tsawon shekarun nan Kwaɗo tana haye shi da ƙyar, saura ƙiris. Tayoyin gaba suka hau suka sauka lafiya. Sai muka ji ƙurrr, cikin motar ya zauna a kan tudun. Koci ya ƙara wuta, tayoyin baya suka yi ta juyawa suna shafar ƙasa suna hayaƙi, mota ko gezau. Ya sa ribas, haka. Ya tura ƙofa zai fito, ƙofar ta daki ginshiƙin get, don get ɗin ɗan matsattse ne, ko tafin hannu ba ta buɗe ba. Taga kuwa ko kansa da ƙyar ya fita.

Ga Koci a cikin Kwaɗo, rabi a gida rabi a titi, ba gaba ba baya. Na cikin gida ba su fita, na waje ba su shiga. Wata mai ɗinki ta zo karɓar kayanta, ta kan rufin motar na miƙa mata. Rana ta take, motar ta zama tanda, matarsa na zura masa ruwa ta taga tana yi masa fifita da murfin kwali. Mutanen layi suka taru, kowa da shawararsa. Wani ya ce a sace iskar taya, wani ya ce ai ƙara zama za ta yi, wani ya ce a fasa tudun, Umma daga ciki ta ce wanda ya taɓa tudun mijinta sai ya gina mata biyu. Ana haka sai ga 'yan ƙungiyar ƙwallon makarantarsu sun dawo daga fili. Suka tsaya, suka leƙa.

"Laa, Koci ne! Sannu, Koci. Motsa jiki ake yi?"

Koci ya zame ƙasa iyakar yadda tumbi ya bari.

Su ɗin dai suka yi rana. Baba Soja ya jera su, rabi ta gaba, rabi suka haura katanga suka kama ta baya, ya tsaya a kan bulo yana ba da oda. Aka ɗaga Kwaɗo da Koci a ciki, aka mayar da ita tsakar gida kamar ana sauke amfanin gona. Da aka zaro shi, rigarsa sharkaf, shatin sitiyari kwance a cikinsa, bai kalli kowa ba. Ya wuce ya ɗauko jak da kansa, ya ajiye a gaban Yaya Likita.

"Yaya, kawo naka."

Wannan karon tare suka yi, kuma ba a kira ni miƙa sifana ba. Faɗa dai ba a fasa ba, amma yanzu kai tsaye ake yinsa. Gwangwanin madarar Koci ya ƙare da rarar noti biyu da ba a san gidansu ba, aka sake kwance gaba ɗaya ƙafar baya kafin a gano. Yaya Likita kuma ya dage sai motar ta sauka ta zauna da nauyinta kafin a yi ɗaurin ƙarshe, wai in an ɗaure tana sama robobin za su murɗe. Don haka aka ɗora tayoyin a kan katakai, ya kutsa ƙarƙashi a kwance yana ɗaurewa ɗaya bayan ɗaya. A kan na ƙarshen ne muka ji ya ce, "Wash!"

Bayansa ya riƙe. Da ƙafa Koci ya jawo shi waje a kan kwalinsa, aka kwantar da shi a tabarma yana kallon sama, ko juyi ba ya iyawa.

Amma Kwaɗo ta tsaya daidai. Baba Soja ya zagaya ta, ya danna kowace kusurwa, ta yi ƙasa ta dawo ta tsaya cak, ba rausaya. Ya sara mata.

Saura gwaji a titi. Yaya Likita ba ya iya zama, balle tuƙi. Koci ya ce ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai sake shiga ba sai ya rage tumbi. Suna cikin tattauna wanda za a kira, sai ga Umma ta fito da mayafinta da jakarta, ta buɗe ƙofar fasinja ta zauna, kamar jiya ta fita daga ciki.

"Auta, taho mu je. Ai ke ubanku ya koya wa tuƙi a cikinta, waɗannan biyun faɗan wa zai fara ya hana su koyo a wurinsa."

Muka haye tudun get ko shafa babu. Na bi layinmu a hankali, ina kauce wa ramuka, ina kasa kunne. Motar da a da in ta taka tsakuwa sai haƙoranka sun gaisa, yanzu tafiya take kamar an shimfiɗa mata katifa. Muka fita babban titi. Na sha kwanar farko, ba ta kwanta ba, ta bi kamar an ja ta da zare.

"Haka za ki yi ta rarrafe?" in ji Umma. "Ubanku a nan wurin giya ta huɗu yake sawa."

Na taka. Kwaɗo ta yi gurnani ta miƙe. Mayafin Umma ya fara kaɗawa ta taga, ta kama shi da hannu ɗaya tana dariya, irin dariyar da na manta tana da ita. Muka wuce gidan mai, muka wuce gada, ta ce in ƙara gaba. Can tana kallon hanya, ta ɗora tafin hannu a kan dashbod ta bar shi a nan. Na rage gudu kaɗan.

A hanyar dawowa ne na fara jin wata 'yar ƙara ta gefenta. Ƙyas, ƙyas, duk lokacin da muka taka gargada. Muna shiga gida yayyena suka taso, Yaya Likita a dafe da ƙugu yana tafiya a lanƙwashe kamar harafin dal.

"Yaya take?"

"Lafiya lau," na ce, "sai dai akwai 'yar ƙara ta ɓangaren fasinja."

"Gefenka ne," in ji Yaya Likita.

"Kayanka ne," in ji Koci.

Kafin in kashe injin har an kawo jak. Koci ya kwanta ya shige, Yaya Likita ya sa aka jawo masa tabarmarsa gefen taya, ya kwanta a kaikaice yana haska masa tocila, kawunansu a haɗe, wannan na cewa taɓa can, wancan na cewa na taɓa.

Na zagaya in taimaka wa Umma ta fito. Ina buɗe ƙofar na ji ƙyas. Na duba aljihun ƙofa, sai ga makullan ɗakinta guda uku a zobe ɗaya, ashe ta jefa su ciki muna kan hanya. Na buɗe baki zan yi magana, ta damƙe hannuna. Ta zaro makullan a hankali ta dunƙule su cikin mayafi don kada su yi motsi.

"Rufa mana asiri," ta ce ƙasa-ƙasa. "Je ki ɗora musu shayi. Ki sa da na Baba Soja, na ga ya tafi ɗauko kujerarsa."